Yadda Ake Gano Inda Rezo Ya Yanke Tsakanin z/VM na Hawa na Ɗaya da na Hawa na Biyu

Tun da aka san ina aiki daga nan Maraɗi a kan menfirem, wato babbar kwamfutar IBM, ta wani kamfani da ke ƙasar waje, tambaya guda ce take ta dawowa a wayata, musamman daga matasan da suka samu irin wannan aiki na nesa: "Malam, mun tada z/VM a cikin z/VM, Linux ya tashi a ciki lafiya lau, amma ping ya ƙi fita. Daga ina za mu soma?" Na amsa ta da murya sau da yawa, amma amsar murya ba ta riƙe lambobi. Shi ya sa na zauna na rubuta matakan bi da bi, yadda nake bin su.

Kalmomin da zan riƙa amfani da su kaɗan ne. z/VM manhajar IBM ce da ke gudanar da injinan kwaikwayo da yawa a cikin menfirem ɗaya, kowannensu ana kiransa baƙo. Hawa na ɗaya shi ne z/VM da ke zaune kai tsaye a cikin LPAR, wato yankin da aka ware daga injin menfirem. Hawa na biyu shi ne z/VM da ke gudana a matsayin baƙo a cikin na ɗaya. Baƙin ciki su ne Linux da sauran injinan da hawa na biyu ya ɗauka. Rezo kuwa shi ne abin da ƴan'uwanmu na Katsina ke kira netwok. Duk sunaye da adireshin da za ka gani a ƙasa na misali ne, ka musanya su da naka.

Kayan aiki da abin da za ka kashe

Kana bukatar manhajar allon 3270, wato allon da ake shiga menfirem da shi. x3270 da c3270 a kan Linux, ko wc3270 a kan Windows, duk kyauta ne, kuma sun wadatar. Sai ssh, sai Wireshark, shi ma kyauta. Kana bukatar asusu mai iko a hawa biyun, irin MAINT da TCPMAINT, ko kuma lambar wayar wanda ke riƙe da hawa na ɗaya idan ba kai ba ne. Sai takarda da biro.

Allon 3270 na yau da kullum layi 24 ne, kowane layi harafi 80, don haka ba ya cin data. Ko rezon waya mai rauni yana ɗaukarsa. Abin da ke cin kuɗi a nan shi ne batirin da zai riƙe laftof da rautar gida idan wuta ta ɗauke, da layin waya na biyu daga wani kamfani dabam. Ka tanadi waɗannan kafin ka taɓa komai. A ɓangaren menfirem kuma, baƙin ciki sun fi cin furosesa, domin injin yana ɗaukar hawa biyu ne kawai da kansa, wato LPAR da z/VM na farko, sauran kuwa sai na farkon ya kwaikwaya masa. Saboda haka ping da ke ɗan jinkiri a ciki ba alamar lalacewa ba ce.

1. Ka san hawan da kake tsaye

Kafin kowane umarni, dubi kusurwar dama ta ƙasan allo. A nan ake rubuta RUNNING ko VM READ, da sunan tsarin a gefensa. Idan ba ka gamsu ba, buga:

QUERY USERID

Zai ba ka sunanka da sunan tsarin, kamar MAINT AT VM2. Allon hawa biyun iri ɗaya ne sak, sunayen asusun ma iri ɗaya, MAINT a nan, MAINT a can. Na taɓa ganin mutum ya yanke VSWITCH na hawa na ɗaya, wato suwic na kwaikwayo da baƙi ke haɗuwa a kai, yana tsammanin na gwaji yake taɓawa, baƙi masu aikin gaske suka faɗi tare. Ni yanzu tagogi biyu nake buɗewa, na ba kowace launinta, kore ga na ɗaya, ruwan ɗorawa ga na biyu.

Ka kuma tanadi hanyar shiga hawa na biyu wadda ba ta dogara da rezon da kake gyarawa ba. A kundin (directory) baƙon VM2 da ke hawa na ɗaya, wato baƙon da hawa na biyu ke gudana a cikinsa, a sa layi irin SPECIAL 0020 3270. Daga nan, a allon shiga na hawa na ɗaya, sai ka buga DIAL VM2, ka faɗa cikin hawa na biyu ko da TCPIP ɗinsa, baƙon da ke haɗa z/VM da rezo, ya mutu murus.

Gargaɗi: wannan ya shafe mu ƴan Maraɗi fiye da kowa. Idan kana kan babban allon VM2 wuta ta ɗauke ko rezo ya yanke, kuma aka bar baƙon yana jiran a buga masa wani abu, z/VM yakan kore shi bayan minti 15 bisa tsarinsa na asali, hawa na biyu da duk abin da ke ciki su tafi. Ka sa SET RUN ON a hawa na ɗaya a kan wannan baƙon, ka fita da DISCONNECT da hannunka, ka riƙa aiki ta DIAL. Idan ka dawo ka tarar da CP READ, buga BEGIN.

2. Zana taswira a takarda

Tsari biyu ake yi, kuma rabin masu tambayata ba su san wanne ke gabansu ba.

Na farko gada ce. Hawa na biyu yana da nasa VSWITCH, a ce VSW2, wanda ƙofar fitarsa ita ce katin rezon da hawa na ɗaya ya ara masa. Baƙin ciki suna unguwar adireshi (subnet) ɗaya da na waje, ba rauta a tsakani.

Na biyu akwai rauta. Baƙin ciki suna tasu unguwa a kan wani LAN na ciki da ba shi da ƙofar waje, sai wani baƙo mai ƙafa biyu, TCPIP na hawa na biyu ko wani Linux, yana miƙa fakiti tsakanin ciki da waje.

A misalina unguwar waje ita ce 10.10.1.0/24, babbar ƙofarta 10.10.1.1. Rautar hawa na biyu tana da 10.10.1.20 a ƙafar waje da 10.10.9.1 a ƙafar ciki. Linux na ciki yana 10.10.9.11. Rubuta naka haka, da lambar kowane kati, da sunan kowane VSWITCH, da lambar VLAN idan akwai, wato lambar da ake manna wa fakiti don raba rezo ɗaya kashi-kashi. Idan gada ce tsarinka, matakai na 3 zuwa 7 ne suka fi shafarka. Idan rauta ce, har da na 9.

3. Ƙofar hawa na ɗaya: izini da haɗi

A hawa na ɗaya, buga:

QUERY VSWITCH VSW1 DETAILS

Abu huɗu nake nema a ciki. State ya nuna Ready. A ga sunan mai kula da shi, DTCVSW1 ko DTCVSW2, a gefen lambar katin OSA, wato katin rezon menfirem na gaske. A ga VM2 cikin jerin waɗanda ke haɗe. Sannan lambobin RX da TX na VM2, da Discarded a gefensu. Ka buga umarnin sau biyu, ka yi ping a tsakani. Lambar da ta motsa da wadda ta tsaya cik za su gaya maka ɓangaren da fakiti ke bi.

Idan babu VM2 a jerin, ko dai ba shi da kati, ko ba shi da izini. Katin ana sa shi a kundinsa:

NICDEF 0600 TYPE QDIO LAN SYSTEM VSW1

Izinin kuma:

SET VSWITCH VSW1 GRANT VM2

Idan baƙon ya riga ya shiga kafin a ba shi izini, katin yana nan amma a sake yake. Daga babban allonsa a hawa na ɗaya sai a buga COUPLE 0600 TO SYSTEM VSW1. QUERY VIRTUAL NIC DETAILS zai nuna ko ya kama.

Gargaɗi: inda RACF, manhajar tsaro ta IBM, ke tsare da VSWITCH, GRANT ɗinka ba zai yi komai ba, ko ka buga shi sau goma. Izinin yana cikin ajin VMLAN, a kan sunan SYSTEM.VSW1, kuma UPDATE ake bayarwa. Idan akwai VLAN, akwai wani sunan mai lamba huɗu a ƙarshe, kamar SYSTEM.VSW1.0010. Ka tambayi mai kula da tsaro tun da wuri.

Ka kuma dubi layin Isolation. Idan yana ON, baƙi za su iya fita waje amma ba za su ga junansu a kan wannan VSWITCH ba. Wani yakan kwana yana neman laifin rauta alhali wannan ne.

4. Hawa na biyu ya ga katin kuwa?

Yanzu koma taga ta biyu. A idon hawa na biyu, katin aro nan OSA ne na gaske, mai lamba uku a jere: ɗaya ta karatu, ɗaya ta rubutu, ɗaya ta data.

QUERY 0600-0602

Idan ya ce OFFLINE, buga VARY ONLINE 0600-0602. Wannan yakan faru idan an ƙara katin bayan hawa na biyu ya riga ya tashi. Idan ya ce FREE, babu mai amfani da shi tukuna. Idan ya ce ATTACHED, dubi wa aka ba.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne a ba abu biyu kati ɗaya. An rubuta 0600 a matsayin RDEV na VSW2, wato ƙofar fitarsa, an kuma rubuta shi a layin :attach. na TCPIP a cikin DTCPARMS, fayil ɗin da ake duba wajen tada shi. Wanda ya riga tashi shi ke ƙwacewa, ɗayan ya zauna hannu rabbana, kuma gobe idan an sake tadawa abin yana iya juyawa. Ka zaɓi ɗaya. A tsarin gada, VSW2 ke riƙe katin, shi kuma TCPIP ya samu nasa katin na ciki ta :vnic. ya haɗu da VSW2 kamar kowane baƙo.

Sai QUERY CONTROLLER. Hawa na biyu yana bukatar nasa DTCVSW1 a raye. Na hawa na ɗaya ba ya yi masa aiki. Idan babu, XAUTOLOG DTCVSW1, sannan SET VSWITCH VSW2 CONNECT, ka jira saƙon da ke cewa ya zama ready.

5. IP ne ko ETHERNET?

A nan nake so ka nutsu, domin nan ne aka fi faɗuwa. VSWITCH iri biyu ne. Na IP yana raba fakiti ne bisa adireshin IP da kowane baƙo ya yi rajista da shi. Na ETHERNET yana rabawa bisa adireshin MAC, kamar suwic na ƙarfe da ke ofis.  A cikin amsar QUERY VSWITCH, na ETHERNET yana faɗin sunansa ƙarara. Na IP kuwa NONROUTER ko PRIROUTER za ka gani a wannan gurbin.

Dokar ita ce duk sarƙar ta zama iri ɗaya: VSW1 a hawa na ɗaya, VSW2 a na biyu, layin LINK na TCPIP, da katin Linux. Idan VSW1 na IP ne kuma VSW2 na ETHERNET, ƙofar VSW2 ba za ta buɗe ba. A PROFILE TCPIP, wanda ke kan faifan 198 na TCPMAINT, layukan suna kama da haka:

DEVICE DEV700 OSD 0700
LINK ETH0 QDIOETHERNET DEV700 MTU 1500 ETHERNET

Kalmar ƙarshen nan ita ce ake mantawa.

Ra'ayina, idan kana da zaɓi, ka yi komai ETHERNET. DHCP yana aiki a kansa ba wahala, tcpdump yana nuna maka fakiti cikakke, kuma matsalar rauta da zan bayyana yanzu ba ta tasowa.

Idan an tilasta maka zama a kan na IP kuma tsarinka na rauta ne, ga abin da ke faruwa. Fakiti ya zo yana neman 10.10.9.11. VSW1 ya duba rajistarsa, babu wanda ya rubuta wannan adireshi, domin mai shi yana can ciki bayan rauta. Sai ya jefar da shi, ba tare da ya gaya wa kowa ba. Maganin shi ne rautar ta ayyana kanta a matsayin mai karɓar duk fakitin da ba a san mai shi ba. A TCPIP na z/VM ana ƙara PRIROUTER a layin DEVICE. A Linux ana sa route4 ya zama primary_router. Shi ma VSW1 sai an ba shi PRIROUTER kafin katin OSA na gaske ya miƙo masa irin waɗannan fakiti daga waje.

Gargaɗi: katin OSA na gaske sau da yawa LPAR da dama ke raba shi, kuma gurbin babban rauta guda ne. Kada ka nema wa kanka shi sai ka tambayi masu injin ko wani yana riƙe da shi.

6. Adireshin MAC da suka yi karo

Kowane z/VM yana raba wa baƙinsa adireshin MAC da ke farawa da lamba shida da aka sa masa. Idan ba a sa komai ba, 020000 yake ɗauka. Hawa na biyu kuwa galibi kwafin na ɗaya ne, ko kuma sabo ne da ba wanda ya taɓa wannan layi. Sai ka tarar baƙo na farko a ciki da baƙo na farko a waje suna ɗauke da lamba ɗaya a kan waya ɗaya.

Buga QUERY VMLAN a hawa biyun ka kwatanta. Idan sun yi daidai, a SYSTEM CONFIG na hawa na biyu, wato fayil ɗin da z/VM ke karantawa idan zai tashi, sa:

VMLAN MACPREFIX 020002

sannan ka sake tada hawa na biyu. Lambar dole ta fara da 02, kuma kada ta yi daidai da ta wani z/VM da ke kan wannan rezo, ko da yana wani LPAR.

Alamar wannan cuta ita ce rashin tabbas. Wani dare cikin zafin watan Afrilu, ina gida a Ali Ɗan Sofo, wani ƙanena a aiki ya kira ni bayan isha'i. "Yaya, Linux ɗaya yana amsawa, ɗayan ya ƙi, kuma jiya wanda ya ƙi ɗin ne ke amsawa." Na ce ya karanto mini MAC na biyun, sannan ya duba jerin VSW1. Yana cikin karantawa ya yi shiru, ya ce ga lambar nan a hannun wani baƙo na hawa na ɗaya. Kwana biyu ya yi yana sauya jadawalin hanyoyi kafin ya kira.

Abu na biyu a wannan mataki shi ne MACPROTECT. Idan yana ON a hawa na ɗaya, katin VM2 ba zai iya amfani da kowane MAC ba sai wanda aka ba shi, alhali a tsarin gada yana bukatar ya shigo da MAC na duk baƙin ciki. A kashe shi ga katin VM2 kaɗai ta SET NIC, kada a kashe wa VSWITCH gaba ɗaya.

7. VLAN

Idan VSW1 ya nuna VLAN Unaware kuma VSW2 ma haka, wuce.

Idan VSW1 ya san VLAN, tambaya ɗaya ce: wa ke manna lambar? Idan hawa na biyu bai san komai game da VLAN ba, ƙofarsa ta zama ACCESS, VSW1 ya manna masa. Idan VSW2 ne ke mannawa da kansa, ƙofar ta zama TRUNK:

SET VSWITCH VSW1 GRANT VM2 PORTTYPE TRUNK VLAN 10 20

Fakiti mai lamba da ya iso ƙofar ACCESS jefar da shi ake yi, kuma za ka ga Discarded yana hawa. Lambobin nan dole su kasance a buɗe a suwic na ƙarfe da OSA ke ciki, wanda aikin ƴan rezo ne.

Gargaɗi: idan canjin bai kama ba sai an yi UNCOUPLE da COUPLE, ka sani duk wanda ke cikin hawa na biyu zai yanke a wannan lokaci. Ka sanar da su.

8. Cikin Linux

Rezo ba ya aiki, don haka ta allon 3270 za ka shiga, ka yi LOGON da sunan baƙon a hawa na biyu. Wannan allo layi-layi yake karɓa. Kada ka buɗe vi ko top a ciki, kuma ping ɗinka kullum ka sa masa -c 3 don ya tsaya da kansa.

vmcp q v nic zai nuna ko katin yana haɗe. lszdev qeth zai nuna ko Linux ya gan shi. Idan bai gan shi ba, mai yiwuwa yana cikin jerin na'urorin da aka ce a ƙyale:

cio_ignore -r 0.0.0600-0.0.0602
chzdev -e qeth 0.0.0600 layer2=1

layer2=1 na ETHERNET ne, 0 na IP. Sababbin Linux sukan gane da kansu, tsofaffi kuwa sai an gaya musu, kuma ba a canza shi sai an sauke katin tukuna. lsqeth zai tabbatar maka. Sunan katin zai fito kamar enc600.

Sai ip addr da ip route. Duba adireshi, duba tsawon unguwa. /24 da aka rubuta /32 ko /16 ya isa ya ɓata komai. Yi ping zuwa maƙwabci na kusa, sannan ip neigh. Idan ka ga FAILED ko INCOMPLETE, matsalar tana ƙasa, koma matakai na 3 zuwa 7. Idan ka ga MAC na maƙwabcin amma ping bai dawo ba, katangar tsaro ce a ɗaya daga cikinsu.

9. Hanyar tafiya da hanyar dawowa

Yi ping daki-daki daga Linux na ciki, kada ka yi tsalle: 10.10.9.1, sannan 10.10.1.20, sannan 10.10.1.1, sannan waje. Inda ya fara ƙin amsawa, nan za ka tsaya.

Idan 10.10.9.1 ya amsa amma 10.10.1.20 bai amsa ba, Linux ba shi da hanyar fita. Sa masa: ip route add default via 10.10.9.1.

Idan 10.10.1.20 ya amsa amma 10.10.1.1 ya yi shiru, dalili biyu ne. Ko rautar ba ta miƙawa, ko kuma, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba, saƙon ya isa amma ba a san ta inda za a mayar da amsa ba. Ɗan aike ne ya kai wasiƙa har hannu, wanda aka kai wa ya rubuta amsa, amma bai taɓa jin sunan unguwar da wasiƙar ta fito ba, sai ya miƙa ta ga motar da ke fita gari. Babbar ƙofa 10.10.1.1 ta san unguwar 10.10.1.0, ba ta san akwai 10.10.9.0 a bayan VM2 ba sai an gaya mata.

Fara da miƙawa. Idan rautar Linux ce, sysctl net.ipv4.ip_forward ya nuna 1, kuma katangar tsaro ta yarda fakiti su ratsa. Idan TCPIP na z/VM ne, duba kada a sami NOFWD a ƙarƙashin ASSORTEDPARMS. Daga TCPMAINT buga NETSTAT DEVLINKS ka ga ƙafafun biyu a Ready, NETSTAT HOME ka ga adireshinsu, NETSTAT GATE ka ga jadawalin hanyoyi.

Don gwada hanyar dawowa daga rautar Linux, akwai gwaji mai kyau: ping 10.10.1.1 kai tsaye, sannan ping -I 10.10.9.1 10.10.1.1. Idan na farko ya amsa na biyu ya ƙi, ka kama ɓarawon. Sai ka rubuta wa ƴan rezo buƙata a fili: a sa hanya zuwa 10.10.9.0/24 ta 10.10.1.20. Idan TCPIP na hawa na ɗaya ma yana son isa ciki, a ƙarƙashin GATEWAY nasa a ƙara:

10.10.9.0 255.255.255.0 10.10.1.20 ETH0 1500

Gargaɗi: idan za ka shigar da wannan ta OBEYFILE ba tare da sake tada TCPIP ba, ka kwafo sashen GATEWAY gaba ɗaya, har da layin DEFAULTNET. Sabon GATEWAY yana share tsohon jadawali ne ya zauna a gurbinsa. Wanda ya aika layi ɗaya tilo a hawa na ɗaya ya rufe wa kansa ƙofa, kuma daga Maraɗi ba za ka iya tashi ka je ɗakin injin ba. Irin wannan canji a yi shi lokacin da akwai mutum a can mai iya shiga ta HMC, wato na'urar sarrafa injin kansa.

Inda MPROUTE, baƙon da ke tsara hanyoyi da kansa, ke aiki da OSPF, hanyoyin daga fayil ɗinsa suke fitowa, can za a gyara.

10. Ping yana tafiya, aiki ba ya tafiya

ssh ya shiga, ka buga umarni mai dogon amsa, allo ya daskare. Ko kwafin fayil ya tsaya a tsakiya. Wannan girman fakiti ne.

ping -c 3 -M do -s 1472 10.10.1.1

1472 da kan fakiti 28 sun zama 1500. Idan wannan ya ƙi amma ƙarami ya wuce, akwai inda hanya ta ƙuntace. Yawanci an sa 8992 a ciki alhali waje 1500 ne. Ka daidaita kowa a 1500 har komai ya zauna. Ka kuma tuna VPN da kake bi daga gida yana rage nasa, don haka ka yi gwajin daga wani baƙo da ke can kafin ka ɗora wa menfirem laifi.

11. Idan duk wannan bai nuna ba, kama fakitin

A Linux, tcpdump -n -i enc600 icmp or arp a ƙafar ciki, sannan a ƙafar waje. Kana neman wurin da tambaya ta shiga ba ta fita ba, ko ta fita amsa ba ta dawo ba.

A kan VSWITCH kansa, z/VM yana da TRSOURCE mai TYPE LAN. Ana kunna shi, a yi ping uku, a kashe, a sarrafa abin da aka kama da TRACERED, a karanta da IPFORMAT, wanda ke iya fitar da fayil ɗin da Wireshark ke buɗewa. Ka taƙaita shi ga katin VM2 kawai, na ƴan daƙiƙu. A hawa na ɗaya fakitin wasu mutane ne ke wucewa, sai da izinin masu injin, kuma babban fayil zai cinye maka data wajen saukewa.

12. Ka mayar da gyaran na dindindin

Duk abin da ka buga da SET, DEFINE, COUPLE ko ip route zai ɓace a tashi na gaba. Koma takardarka ka bi su ɗaya bayan ɗaya. GRANT ya shiga SYSTEM CONFIG na hawa na ɗaya a matsayin MODIFY VSWITCH VSW1 GRANT VM2. DEFINE VSWITCH na VSW2 da MACPREFIX su shiga na hawa na biyu, wanda ke kan faifan CF0 na PMAINT. NICDEF ya shiga kundi, a buga DIRECTXA, ko a bi ta DirMaint idan shi ke riƙe da kundin. XAUTOLOG na DTCVSW1 ya kasance a PROFILE EXEC na AUTOLOG1, a gaban na TCPIP da na Linux. Hanyoyin Linux su shiga tsarin rezonsa, ip_forward ya shiga /etc/sysctl.d.

Gargaɗi: kada ka rufe SYSTEM CONFIG sai ka gwada shi da CPSYNTAX, kuma ka ajiye kwafin tsohon da wani suna a kan faifan.

Sannan ka nemi lokaci daga masu amfani da shi, ka sauke Linux na ciki, ka tabbatar da QUERY USERID cewa VM2 kake, ka yi SHUTDOWN REIPL. Idan ya tashi, kada ka buga komai na gyara. Shiga Linux na ciki ka maimaita ping huɗun nan na mataki na 9 bi da bi, sannan na 1472.